Jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde: yadda ake haɗa mota da jirgi, a kuma ga duwatsun Adamawa da rana

Tun da na dawo daga kudancin Kamaru, da wuya in wuni ba a tare ni da tambaya iri ɗaya ba, ko a bakin shago ko bayan an idar da la'asar: "Malam, in na bar Garwa da safe zan samu jirgin ƙasa a Ngaundere a ranar?" Wani daga Marwa yake bugo waya, wani daga Kuseri, wani ɗan'uwa ne daga Njamena da zai kai mara lafiya Yawunde. Akwai kuma samarin da babu wata lalura a gabansu, labarin duwatsun Adamawa suka ji suna so su gani da idonsu. Amsar ba ta tsayuwa a bakin hanya ba ce, shi ya sa na zauna na rubuta ta dalla-dalla.

Abin da za ka riƙe tun yanzu: jirgin fasinja na dare guda ɗaya ne yake barin Ngaundere zuwa Yawunde. In ya tashi ya bar ka, sai na gaba, kuma gadon da ka biya ba zai jira ka ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, a kan wannan yake tsaye.

1. Fara lissafi daga inda za ka ƙare

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya fara da ranar da zai bar gida. Ɗauki takarda, ka rubuta abin da zai kai ka kudu da ranarsa da lokacinsa: ganin likita ne, jarrabawa ce, jirgin sama ne, ko kaya ne za ka karɓa a Duwala. Daga nan ka riƙa ja da baya har ka iso ƙofar gidanka.

Misali, an ba ka ranar Laraba ƙarfe 10 na safe a asibiti a Yawunde. Jirgin da zai iso safiyar Laraba ba naka ba ne. Naka shi ne mai isowa Talata, wato wanda zai bar Ngaundere daren Litinin. Mutumin Garwa sai ya fito da asubar Litinin, ko ya fito Lahadi ya kwana a Ngaundere. Mutumin Marwa Lahadi zai fito. Na Kuseri da na Njamena tun Asabar.

Ga dalilin ƙara kwana guda. Daga Ngaundere zuwa Yawunde kilomita 622 ne, kuma layin dogon guda ɗaya ne, shi jirgin fasinja yake bi, shi jiragen kaya suke bi da mai da auduga da katako da shanu. Jirage biyu ba sa gilma wa juna sai a tasha, dole ɗaya ya tsaya ya jira ɗaya. Idan komai ya tafi daidai, tafiyar awa 13 zuwa 15 ce. Idan wani jirgin kaya ya sami matsala a gabanku, ku ma kun tsaya ke nan.

Hattara: lokacin tashi abin dogaro ne fiye da lokacin isa. Ka ɗauka jirgi zai tashi a kan lokacinsa, kada ka ɗauka zai isa a kan lokacinsa.

2. Zaɓi wata da alkibla, in kallo kake so

A nan ne samari da yawa suke shan mamaki. Jirgin yana barin Ngaundere wajen ƙarfe 7 na yamma, rana kuwa ta riga ta faɗi. Duk tudun Adamawa cikin duhu za ka ratsa shi, ba abin da za ka gani sai fitilun ƙananan tashoshi. Mai tafiya kudu, abin da safiya za ta nuna masa kurmi ne da kogin Sanaga.

Duwatsu a wuri biyu ake ganinsu. Na farko a mota, wajen hawan dutsen da ke tsakanin Mbe da Ngaundere, wanda kowa yake kira falez. Na biyu a jirgi, amma a hanyar dawowa arewa, lokacin da gari yake waye maka a kan tudu. Saboda haka ka tsara ka hau falez da rana, ka kuma dawo ta jirgi ko da ta wata hanya ka tafi.

A ganina babu lokacin da ya kai ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ciyawa ba ta bushe ba, ido yana kaiwa nesa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana rufe duwatsun, ga sanyin dare mai shiga ƙashi. Tsakiyar damina ƙasa tana da kyau ƙwarai, sai dai hanyar mota tana lalacewa, lissafin awanni kuma ya rikice.

Hattara: satin komawa makaranta a farkon Satumba, jajiberin sallah ƙarama da babba, da ƙarshen Disamba, jirgi yana cika maƙil. Ga ɗaliban jami'ar Ngaundere da ke Dang, su ma jirgin nan ne hanyarsu. In tafiyarka ta faɗo a waɗannan ranaku, ka fara neman wuri tun da sauran sati.

3. Tikitin jirgi kafin kuɗin mota

Kada ka biya kuɗin mota sai tikitin jirgi yana hannu. Mota tana tashi sau da yawa a rana, jirgi sau ɗaya.

Kamfanin Camrail ne yake gudanar da layin, kuma wurin zama iri huɗu ne. Kuɗin da muka daɗe muna biya daga Ngaundere zuwa Yawunde shi ne sefa 10,000 a aji na biyu, 17,000 a kujerar aji na ɗaya, 25,000 a ɗaki mai gado huɗu, 28,000 a ɗaki mai gado biyu. Farashi yana motsawa, don haka ka tabbatar a wurin sayarwa kafin ka ƙulle kasafinka.

Shawarata: mai ƙarfi a jika da yake son rage kuɗi ya ɗauki kujerar aji na ɗaya. Aji na biyu yana da cunkoso da hayaniya, barci a cikinsa sai wanda ya saba. Amma in da tsoho, ko mara lafiya, ko mace mai goyo, ka daure ka sayi gado. Jaka takwas, wato sefa 8,000, da ke tsakanin kujera da gado ba ta kai wahalar da za ka ɗauke musu ba. Ka roƙi gadon ƙasa saboda tsofaffi, domin na sama da tsani ake hawansa. In ku huɗu ne 'yan gida ɗaya, ku sayi ɗakin gaba ɗaya ku rufe ƙofarku. In Hajiya ce ita kaɗai, a faɗa wa mai sayarwa tun wajen biya cewa ana so a sa ta tare da mata.

Ana rubuta suna a jikin tikiti, ana kuma haɗa shi da katin shaida wajen shiga. Ni ɗan'uwana da ke zaune a Ngaundere nake aika wa kwafin katina da kuɗi kwana uku ko huɗu kafin tafiya, ya je tasha ya saya, ya turo mini hotonsa. Da hoton ya iso, abu huɗu nake dubawa: suna, kwanan wata, lambar tarago, lambar gado.

Hattara: duk wanda ya tare ka a bakin tasha ya ce yana da gado a hannu, ka wuce shi. Tikiti mai sunan wani ba zai shigar da kai ba, kuɗinka kuwa sun tafi.

Bayan kuɗin jirgi da na mota, ka ware abin da nake kira kuɗin ko-ta-kwana: na masaukin dare ɗaya, da abincin yini biyu, da abin da zai sake saya maka kujera in aka yi rashin sa'a. Ka sa su wuri dabam, kada su haɗu da na kashewa.

4. Hanyar mota zuwa Ngaundere

Wannan ne matakin da yake kayar da mutane, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Daga Garwa zuwa Ngaundere kusan kilomita 275 ne a kan babbar hanya ta 1. A takarda ba nisa. Amma Garwa tana kwance a bakin Binuwai, tudunta bai wuce mita 250 ba, Ngaundere kuwa ta haura mita 1,100, kuma mafi yawan wannan hawan a wuri ɗaya aka tara shi. Za ku wuce Ngong, ku bi gefen gandun dajin Binuwai inda birai suke zama a bakin kwalta, ku iso Mbe. Daga nan hanya ta fara nannaɗe dutse. Manyan motocin kaya masu zuwa Chadi da masu dawowa suna rarrafe a jere, wata tana hayaƙi, wata an yi mata waigi da dutse a bayan taya. Babu wurin wuce su sai direba ya yi haƙuri. Guda ɗaya ta lalace a kwana, kowa ya tsaya.

Ka lissafa awa 5 zuwa 6, ka ƙara awa 3 na abin da ba ka sani ba. Ma'ana, motar farko ta bayan sallar asuba ita ce taka. Ka je ajans, wato tashar kamfanin motoci, tun jajibere ka biya, ka tambaya ko motar mai tashi a kan lokaci ce ko sai ta cika, domin bambancin yana iya kai awa biyu. Ka nemi kujerar taga. Lokacin da mota ta kai tsakiyar hawa ka waiwaya: filin Binuwai ne shimfiɗe a ƙasa har inda ido ya gaza, iska kuma tana sauyawa a jikinka, zafin Garwa yana sakinka kaɗan-kaɗan har ka fara neman riga ta biyu.

Na koyi wannan lissafi da tsada. Shekara uku da suka wuce zan kai Goggona ganin likita a Yawunde. Na ga tana fama da tashin sassafe, sai na ce mu bi motar ƙarfe 11. Ba mu tashi ba sai da rana ta take tsaka. A tsakiyar falez muka tarar da babbar mota ta gitta hanya, muka yi awa biyu da wani abu a tsaye. Muna wuce Dang ana kiran isha'i. Da muka iso tasha babu kowa a dandamali sai masu shara. Goggo ta zauna a kan jakarta, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ɗan nan, Allah bai rubuta mu kwana a cikinsa ba. To likitan fa?" Washegari gado ya ƙare, a kujera ta kwana da ciwon bayanta, ranar likita kuma ta wuce mu, sai da aka sake ba mu wata bayan sati biyu. Tun daga ranar, in da tsoho a tare da ni, a Ngaundere muke kwana kafin ranar jirgi.

Mutumin Marwa yana da ƙarin kusan kilomita 210 kafin ya iso Garwa. Ana iya haɗa su a yini ɗaya, na ga waɗanda suka yi suka dace, amma ba na ba kowa wannan shawara. Ka fito kwana guda kafin ranar jirgi.

'Yan'uwanmu na Chadi suna da hanya biyu. Daga Njamena ana ƙetare gadar Ngeli a kan kogin Logon zuwa Kuseri, a bi ta Waza da Mora zuwa Marwa. Wannan yanki da rana kawai ake binsa, kuma ka tambayi direbobi halin tsaro da halin hanya a satin da za ka tafi. Wanda yake kudancin Chadi, daga Mundu ta Tuboro kai tsaye zuwa Ngaundere ya fi masa, bai ma bi ta Garwa ba. Kuɗin sefa ɗaya ne a ƙasashen biyu, babu wahalar canji. Fasfo ko katin shaida mai sauran wa'adi, da katin allurar shawara, su kasance a aljihun gaba, ba a ƙasan akwati ba, domin shingayen jandarma suna da yawa kuma kowane ɓata lokaci daga awanninka ake cire shi.

5. Awannin jira a Ngaundere

In ka bi lissafi za ka iso wajen azahar. Fara da tasha. Karɓi tikitinka daga hannun wanda ya saya maka, ka duba ko lokacin tashi yana nan yadda aka buga. Kaya masu nauyi, kamar buhun hatsi ko dilar tufafi, ana auna su a biya, su shiga taragon kaya. Ka yi wannan tun da rana kafin layi ya yi tsawo, ka adana rasit tare da tikiti.

Sauran lokacin naka ne. Fadar Lamiɗo tana tsakiyar gari kusa da babban masallaci. Dutsen da garin ya ci sunansa, mai ƙaton dutse ɗaure a kansa kamar cibiya, ana hango shi daga cikin gari. Ka ci abinci mai nauyi, ka sayi kilishi da burodi da ruwa. Tabkin Tizon da magangarar ruwan Telo suna bayan gari, ka bar su sai ranar da ba ka da jirgi a gabanka.

Ka dawo tasha da sauran awa biyu. Ana tantance tikiti da kati a ƙofa, cunkoson kuma na gaske ne. In ka ɗauki ɗan dako, ku gama ciniki kafin ya ɗaga kaya, ka bi bayansa ƙafa da ƙafa. Magariba takan faɗo daidai lokacin shiga, don haka ka yi alwala da wuri. Matafiyi yana da sauƙin kasaru da haɗa salloli, ka tambayi malaminka yadda za ka yi tun kana gida.

6. Daren jirgi

A jakar hannu: rigar sanyi ko mayafi mai kauri, tocila, buta, ruwan sha lita biyu, batirin cajin waya, maganin da kake sha, da canji na sefa 100 da 500. Akwai taragon abinci, ana ma kawowa har ɗaki, amma mai kiyaye abin da yake ci ya fi samun natsuwa da guzurinsa.

Manyan wuraren tsayawa a jere su ne Ngaundal, Mbitom, Belabo, Nanga Eboko, Obala, sai Yawunde. Mai zuwa Bertuwa a Belabo zai sauka, tsakar dare ne, ya sa wani ya tashe shi. A kowace tasha mata da yara suna bin gefen jirgi da tire a ka da fitila a hannu, suna tallan zuma da ayaba da ƙullin rogo a ganye. Zumar Adamawa tana da kyau, ka duba murfin kwalbar kafin ka sa ta kusa da tufafi.

Hattara: ciniki ta taga ake yi, ka karɓi kaya sannan ka miƙa kuɗi daidai, domin jirgi ba ya jiran canji. Kada ka sauka a ƙaramar tasha da dare. Kada ka riƙe waya a bakin taga lokacin tsayawa. Jakar takardu da kuɗi ka yi matashin kai da ita.

Sabis ɗin waya yana ɗaukewa na dogon lokaci a daji. Ka faɗa wa mutanen gida tun da wuri, don kada Inna ta kwana tana kira ba ta samu.

Bayan asuba ka koma tagar hannun dama. Wajajen Nanga Eboko gari yake wayewa, Sanaga yana leƙowa ta tsakanin itatuwa da hazo kwance a kansa, daga nan sai gonakin rake na Nkoteng da Mbanjok, sai jar ƙasa da gidaje masu rufin kwano har Obala.

7. Haɗuwar Yawunde, ga mai wucewa Duwala

Tsakanin Yawunde da Duwala kilomita 263 ne ta layin dogo, kuma jirgin wannan layi dabam yake da naka, ba zai jira ka ba. Ƙa'idata ita ce: in tazarar da ke tsakanin lokacin isowarka a takarda da tashin na Duwala ba ta kai awa 4 ba, kada ka sayi tikitinsa tun da wuri. Bari sai ƙafarka ta taka Yawunde.

Ka yanke shawara tun kana cikin jirgi. Da kun iso Nanga Eboko duba agogo. In rana ta riga ta ɗaga sosai kuna can, kun makara, sai ka koma tsari na biyu: motocin Duwala daga unguwar Mvan suke tashi, kusan duk yini, tafiyar awa 4 zuwa 5. Daga tashar jirgi zuwa Mvan ka yi shatar tasi in kana da kaya, ka lissafa cunkoson gari. In gajiya ta yi yawa ko akwai mara lafiya, ka nufi Birikiteri, unguwar Hausawa, inda masallaci da masauki da abincin da ka sani suke, ka wuce da safe.

Hattara: jirgin sama daga Nsimalen, filin jirgin Yawunde, ko Duwala ba a haɗa shi da jirgin ƙasa a rana ɗaya. Ko da dare zai tashi, ka iso tun jiya. Tikitin Umara ko na karatu ba abin da za a jingina wa layin dogo guda ɗaya ba ne.

8. Dawowa

Kafin ka fita daga tashar Yawunde ranar da ka iso, in ka san ranar komawarka, ka sayi tikitin dawowa nan take. Gado yana ƙarewa a wannan ɓangaren kamar yadda yake ƙarewa a wancan.

Wannan ita ce tafiyar kallo. Ka kwanta da wuri, ka sa waya ta tashe ka kafin asuba. In jirgi yana kan lokacinsa, wajajen Ngaundal haske zai same ku. Kurmi ya ƙare a cikin dare, ga tuddai a jere ɗaya bayan ɗaya, hazo kwance a cikin kwaruruka, garken shanu jajaye da farare suna fitowa kiwo, yaro da sanda a kafaɗa yana ɗaga wa jirgi hannu. Jirgin yana hawa a hankali yana lanƙwasa, har kana hango kansa daga taragonka. In ɗakinka yana fuskantar gefe ɗaya, fito ka tsaya a barandar tarago, ka sa rigar sanyi domin iskar tana cizo. Kusan awa uku kake da su kafin Ngaundere, kada ka ba barci ko ɗaya.

Da kun iso, motocin Garwa da Marwa suna jira a kusa da tasha, kuma jama'ar jirgi guda ne suke rububinsu. In ku biyu ne, ɗaya ya tsaya karɓar kaya da rasit, ɗaya ya je ya kama kujeru. In jirgi ya iso kafin azahar, mutumin Garwa zai yi la'asar ko magariba a gida. In ya makara har la'asar ta gabato, kada ka yarda a gangara da kai falez cikin duhu, ka kwana a Ngaundere. Mai zuwa Marwa ko Kuseri ya yada zango a Garwa, ya kama hanya bayan sallar asuba.